Kwance Ƙullin Kalmomi: Daga Kacici-kacici da Ramzi Zuwa Darar Kalmomi, da Misalai Daga Yankin Ɗansoshiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'in wasa ƙwaƙwalwar da ake ɓoye amsarsa a cikin kalmomin tambayar kanta. Ta bambanta shi da kacici-kacicin gargajiya, ta nuna cewa ramzin malamai da zaurancen yara sun fi kusanci da shi, sannan ta gwada hanyoyin kwance shi da misalan da aka gina a kan sunayen garuruwa da amfanin gonar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Matsayar maƙalar ita ce gaɓa ta fi harafi dacewa da zama ma'aunin wannan wasa a Hausa.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda ake ƙarewa idan kacici-kacici ya gagara. Mai tambaya zai ce a ba shi gari. A ba shi Kiru ya ƙi, a ƙara masa da Rano ya ce ta yi masa kaɗan, sai an miƙa masa Kano ko Makka sannan ya yarda ya faɗi amsa. Yara sun ɗauki wannan a matsayin raha, amma akwai hukunci a cikinsa: amsa mallakar mai tambaya ce, sai an fanshe ta.

Akwai wani nau'in wasan da ba a ba da gari a cikinsa, domin mai tambaya ya riga ya ajiye amsar a gaban mai sauraro, har da hujjar da za ta tabbatar masa cewa ya dace. A nan zan riƙa kiran irin wannan tambaya ƙulli, warware ta kuma kwancewa. Idan aka jera amsoshin a gidaje masu ratsa juna, wasu a kwance wasu a tsaye, kamar yadda jaridun Turai ke bugawa, na kira shi darar kalmomi. Duk ƙullin da zan kawo ni na tsara shi domin wannan maƙala. Na gina su a kan abubuwan da yaron da ke zaune a gefen dajin Ɗansoshiya ya sani tun kafin a sa shi firamare: taki, dawa, masara, tasa, da sunayen garuruwan da ke kewaye da shi.

2.0 Inda kacici-kacici ya tsaya

An daɗe ana tattara kacici-kacicin Hausa a rubuce. Merrick ya sa wasu a littafinsa na karin magana na 1905, Tremearne ya kawo wasu a 1913, Graham Furniss kuma ya tattauna su a 1996 cikin gajerun zantukan hikima. Mafi yawansu a kan siffantawa suke tafiya. Ana ɗauko abu sananne a lulluɓe shi da kamannin wani abu, kamar wanda ke kwatanta tsintsiya da garken shanu masu maɗauri guda.

To, a ce wani yaro ya amsa da damin dawa. Zangarniya ce da yawa, igiya ɗaya ta ɗaure su, siffar ta hau daram. Duk da haka za a ce masa ya faɗi, don ba ita aka gada ba. Ke nan abin da ake gwadawa a dandali ya fi karkata ga hadda: wane ne ya taɓa ji, wane ne ya riƙe. Wannan ba aibi ba ne. Ta haka ake koya wa yaro lura da muhallinsa da kuma jin daɗin harshe. Sai dai da zarar ya haddace amsoshin, wasan ya ƙare masa, shi ya sa ba kasafai ake ganin magidanta suna yi wa junansu kacici-kacici ba.

3.0 Ramzi

Inda manya suka riƙe wasan shi ne zauren karatu. Tambayar gwada fahimta tana da asali mai ƙarfi a wurin malamai. Bukhari ya kawo a Kitabul Ilmi cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai game da itaciyar da ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Dabino ya faɗo wa Abdullahi ɗan Umar a rai, amma kunya ta hana shi magana a gaban manya. Maƙamatul Hariri, wadda ɗaliban lugga ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, cike take da irin wannan. Daga cikin maƙamominta 50, ta 32 ta ƙunshi tambayoyin fiƙihu 100 da aka gina a kan kalmomi masu fuska biyu, ta 36 kuma tana ba da gajeren zance ne a nemo kalma ɗaya da idan aka raba ta biyu za ta ba da ma'anarsa. Hariri ya rasu a 1122.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne ramzi. Marubuta waƙoƙin ajami, irin su Nana Asma'u da sauran malaman daular Sakkwato, sukan rufe waƙa da wata kalma da ke ɗauke da shekarar da aka yi ta. Kowane baƙi yana da adadinsa a hisabi, wasula kuwa ba a lissafa su. Mai karatu zai ware baƙaƙen, ya tara adadinsu, shekarar Hijira ta fito. Mervyn Hiskett ya yi bayanin wannan a littafinsa na tarihin waƙoƙin addini na Hausa na 1975.

Bari in gina misali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, wanda ya dace da shekara ta 1218. Idan ana son ɓoye wannan shekara, sai a haɗa shin da ra da ya da ha ƙarami: 1000 da 200 da 10 da 8. Marubuci yana da 'yancin jera su yadda zai samu lafazin da zai zauna a baitinsa, tunda jimilla ba ta canzawa.

Akwai tarko a nan. Ƙasar Hausa lissafin Magariba take bi, wanda ya saɓa wa na Gabas a baƙaƙe shida. A Magariba shin 1000 ne, sin 300, sodi 60, lodi 90. A Gabas shin 300 ne, sin 60, sodi 90, lodi 800. Wanda ya ɗauko ma'aunin Gabas ya auna waɗancan baƙaƙe huɗu, 518 zai samu, ya mayar da hijirar Shehu baya da shekara 700 cur. Darussa biyu ramzi ya ba mu. Na farko, amsa tana iya zama a fili a gaban kowa, amma sai mai mabuɗi ya gan ta, kuma idan ya gan ta ba ya bukatar marubucin ya gaskata shi. Na biyu, dole mai ƙullawa da mai kwancewa su yarda da ma'auni guda tun kafin a fara. Zan dawo kan na biyun.

Yara ma suna da nasu. Zaurance yana cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, ko ya juya gaɓoɓin kalma gaba ta koma baya. Ousseina Alidou ta yi digirinta na uku a 1997 a kan irin waɗannan wasannin harshe a harsuna shida na Nijar. Abin lura shi ne yarinyar da ba ta taɓa riƙe alli ba tana yanka kalma gaɓa-gaɓa ba tare da kuskure ba.

4.0 Yadda abin ya kasance a Turai

Arthur Wynne ne ya buga darar kalmomi ta farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, tambayoyinta kuma na kai-tsaye ne. A Ingila aka mayar da su ƙulli. Edward Powys Mathers, mai laƙabin Torquemada, ya fara tsara wa jaridar Observer a 1926, jaridar The Times ta bi sahu a 1930. Wanda ya gaji Mathers, wato Derrick Macnutt mai laƙabin Ximenes, shi ya rubuta littafin 1966 da ya shimfiɗa ƙa'idojin adalci tsakanin mai ƙullawa da mai kwancewa. Gundarinsu shi ne ƙulli ya ƙunshi ma'anar amsa, da wata dabarar da za ta sake kai mutum ga amsar ta hanya ta daban, kada kuma a saka kalmar da ba ta da aiki. An yarda a ruɗar da mai kwancewa, ba a yarda a yi masa ƙarya ba. Wannan ƙa'ida ita kaɗai nake ganin muna bukatar aro. Sauran kayan aikin muna da su a gida.

5.0 Kwance ƙulli

Kowane ƙulli yana da zahiri da baɗini. Zahiri shi ne labarin da jimlar ke bayarwa idan aka karanta ta salin-alin, aikinsa kuma shi ne ya ɗauke hankali. Baɗini kashi uku ne: ma'ana, wadda takan zauna a farkon jimla ko a ƙarshenta, kayan da za a sarrafa, da manuniya, wato kalmar da ke faɗin irin sarrafawar. Lambar da ke cikin baka yawan gaɓoɓin amsa ce. Ga na farko:

Bi titi gaba kaɗan, a ciki akwai madatsar ruwa (2)

Zahirinsa kwatancen hanya ne. Mai kwancewa zai fara tambayar kansa: ina ma'anar take? Bi ce, ko madatsar ruwa? Kalmar "a ciki" ita ce manuniya, tana cewa amsar na kwance a cikin abin da ya gabata. A yanka: ti-ti-ga-ba. Gaɓa ta biyu da ta uku sun ba da Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙaramar hukumar Bebeji. Hanya biyu sun haɗu a wuri ɗaya, babu sauran jayayya. Ga ɗan'uwansa:

An zuba taki, ruwa ya sauka. A tsakani ga ƙaramar hukuma (2)

Waƙafin da ke tsakanin taki da ruwa na zahiri ne, mai kwancewa ya tsallake shi: ta-ki-ru-wa. Kiru ce. Wannan nau'i na ɓoyewa shi ya fi sauƙi, da shi ya kamata a fara wa ɗalibi, domin daga gare shi yake koyon daina amincewa da tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Na biyu shi ne haɗi, irin na maƙama ta 36:

Launin jini da dabbar kogi sun zama manzon sarki (3)

Ja da kada, jakada. Haka Bebeji za ta rabu zuwa bebe da ji. Amma a kiyaye, wannan rabo na wasa ne, ba shi ne asalin sunan garin ba, kuma malamin da zai kai irin wannan aji wajibi ne ya faɗa wa yara haka, don kada wasa ya rikiɗe ya zama tarihin ƙarya ko abin tsokanar mutanen wani gari. Kishiyar haɗi ita ce cirewa: "Masara ba kai, aikin gatari (2)". A sare gaɓar farko, sara ta rage.

Na uku shi ne juyi, kuma a nan ne Hausa ta fi yalwa, don gadon zaurance ne kai-tsaye:

Kifa kwano, aikin ɓarawo ya bayyana (2)

Kifa ce manuniya. Wane kwano ne mai gaɓa biyu da idan aka juya shi zai ba da aikin ɓarawo? Tasa, sata. Gari yakan juye ya zama riga, sama ta zama masa, kada ya zama daka. Har masu gaɓa uku ana samu: karatu idan ya dawo da baya, turaka yake shiga. Wanda na fi so a cikinsu shi ne wannan:

Juya hatsi ka samu arziki (2)

Zahirinsa nasiha ce irin wadda za a yi wa ɗan kasuwar hatsi a Kwanar Dangora. Mai kwancewa zai bi hatsin ɗaya bayan ɗaya. Gero ya juye bai ba da komai ba, maiwa ma haka, masara kuwa gaɓoɓinta sun yi yawa. Dawa ta juye ta zama wada, wato wadata, kalmar da ke cikin sunan Tudun Wada.

A nan ne za mu ɗan dakata, domin mai kunne zai ce akwai magana. Wasalin farko na dawa, hatsi, dogo ne. Wasalin farko na wada, arziki, gajere ne. Idan da baki aka juya dawa, abin da zai fito shi ne wada, gajeren mutum, wanda wasalinsa na farko yake da tsawo. A takarda ne kawai juyin ke ba da duka biyun, saboda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Bargery ya nuna su a ƙamusunsa na 1934, Abraham ma haka, amma jarida da littafin makaranta ba sa yi. Masana sun sha kuka da wannan giɓi, kuma suna da gaskiya ta fuskar koyar da baƙon harshe. Ga mai ƙulli kuwa, giɓin nan shi ne jarinsa.  Kalmomi masu fuska biyu ko uku ga su nan birjik:

Itacen miya da zubar hawaye (2)

Launin alli, rashin ruwan sama, da masu cinye amfanin gona (2)

Harafi, launin gawayi, da waɗanda suka zo daga nesa (2)

Kuka, fari, baƙi. A irin wannan babu manuniya, ma'anoni ne kawai aka jera, kowace na tabbatar da 'yar'uwarta. Doguwa ma tana shiga nan: mace mai tsawo ce, suna ce a cikin iskokin bori, kuma ita ce ƙaramar hukumar da ke can ƙarshen kudancin jihar Kano, mai hedikwata a Riruwai. Shawarata ga wanda irin wannan ƙulli ya cije masa ita ce ya daina kallon takarda, ya furta kalmar da yake zato da ƙarfi, ya ɗaga sautinta ya sauke, ya ja wasalin ya gajarta. Sau da yawa bakinsa zai riga idonsa ganewa. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, gari na mutane da gari na tuwo, duk ta haka suke rabuwa.

Bayan an samu amsa, sauran aiki ɗaya: a koma kan jimlar a bi ta kalma-kalma, a ga ko kowace ta yi aikinta. Idan wata ta rage ba a san dalilin zamanta ba, to ko amsar ba ita ba ce, ko mai ƙullin ya yi sakaci.

6.0 Gaɓa ko harafi

Yanzu mu koma ga darasi na biyu na ramzi. Gida nawa Ɗansoshiya za ta ci a darar kalmomi? Idan aka ƙirga yadda ake danna ta a waya, 10 ne. Idan aka bi abin da ake koyarwa a aji, cewa sh baƙi ɗaya ne mai goyo, 9 ne. Idan da gaɓa aka ƙirga, 4 ne: Ɗan-so-shi-ya. Mutum uku za su iya zama da tambaya ɗaya su yi ta saɓani, alhali kowannensu ya san amsar.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Masu tsara darar kalmomi a harshen Wales suna sa tagwayen baƙaƙensu irin su ll da dd a gida ɗaya. A Japan da harsunan Indiya da dama, kowane gida gaɓa guda yake ɗauka. Ni ina tare da na biyun, kuma dalilaina daga cikin Hausa suke. Gaɓar Hausa ba ta da ruɗani, iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Da gaɓa ake fara koya wa yaro karatu, ba-bi-bu. Da gaɓa ake zaurance. A ajami ma baƙi da wasalinsa wuri ɗaya suke zama. Juyi kuwa sai da ita: in aka juya tasa harafi-harafi, abin da zai fito ba kalma ba ne, tunda kalmar Hausa ba kasafai take ƙarewa da baƙi ba. Gaɓa tana kuma kashe matsalar masu goyo gaba ɗaya, domin sh da ts da ky da gw duk suna shigewa cikin gidansu.

Akwai abin da za a rasa. Garwaya haruffa, wadda Turawa suka fi dogaro da ita, za ta yi wuya a gidajen gaɓa, ko da yake tana yiwuwa a Hausa, tunda haruffan karatu su ne na takura. Kalmomi masu gaɓa biyu ma sun yi yawa, don haka mai tsarawa zai sha aiki kafin ya samu dogayen da za su ratsa juna. Duk da haka ribar ta fi hasarar.

Abin da ba shi da sassauci shi ne ƙugiya. Ƙasa tana juyewa ta zama saƙa, kasa kuma ta zama saka. Haruffan Kano ba za su taɓa ba da ƙona ba. Baki daban, baƙi daban. A saƙon waya mutum yakan yar da ƙugiya a gane nufinsa daga sauran zancen, amma a ƙulli babu sauran zancen da zai cece shi, ɗigo ɗaya na kuskure ya rushe hujjar. A ganina wannan ne babban amfanin wasan ga makaranta. Yaron da aka yi ta ja wa jan biro a kan ɗ da ƙ da ɓ bai damu ba, zai damu ranar da ƙugiya ta sa abokinsa ya riga shi kwance ƙulli.

Sai karin harshe. Abin da Bakano ya ce fari, Basakkwace hwari zai ce, kifi kuma kihi. Doguwa tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi, ga Fulani makiyaya a kewayen dazukan Falgore da Ɗansoshiya, kowa da irin Hausar da ya taso da ita. Dole a samu alƙali, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya isa ya zama shi. Wanda ya so ya sa kalmar wani kari, sai ya ambata a cikin ƙullin cewa ta Sakkwato ce ko ta Zazzau.

7.0 Kira

Wasan nan ba ya cin kuɗi. Allo da alli sun wadatar, ƙulli ɗaya a kusurwar allo kafin a shiga darasi. Malaman Hausa na sakandaren Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa za su iya farawa da na ɓoyewa da na juyi, sannan su bar ɗalibai su ƙulla nasu da sunayen ƙauyukansu, domin mai ƙullawa ya fi mai kwancewa koyon harshe. Gidajen rediyon Kano da jaridu irin su Aminiya suna da filin da za su ba shi.

Sai dai kafin ya yaɗu kowa ya kama nasa ma'aunin, ina roƙon cibiyar Jami'ar Bayero mai nazarin harsunan Nijeriya da sassan Hausa na jami'o'inmu su zauna su yanke abu uku: da gaɓa za a ƙirga ko da harafi, waɗanne kalmomi ne za a yarda da su a matsayin manuniya, kuma wane ƙamus ne zai raba gardama. Ni dai na ba da ƙuri'ata ga gaɓa.